Ƙanƙara a Gidan Mai Jego

Shekarar da aka haifar mini 'yar fari, ina zaune a wani gida a unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset wanda ni kaina na san ya fi ƙarfin ɗan tireda irina. Mai gidan Balarabe ne da ya daɗe yana aiki a kamfanin mai. Ya gina shi don ya huta a ciki, sai 'ya'yansa suka ja shi arewacin ƙasar. Ya bar mini shi saboda shagona yana jikin na ƙanensa a kasuwa, ƙanen kuma ya shaide ni. Ɗaki uku ne da falo, da dogon lungu a tsakiya, banɗaki da ɗakin girki duk a ciki. Amma abin da na fi cika wa mutane kunne da shi shi ne na'urar sanyi, wadda kowa a Tamanrasset yake kira kilim. Ba irin wadda ake maƙalawa a bangon ɗaki ɗaya ba ce. Injinta ɗaya yana kan soro, ɗayan yana ɓoye cikin rufin lungu, daga nan bututu ya rarrabu zuwa kowane ɗaki, iska tana fitowa ta wata 'yar taga mai haƙora can sama. A bangon lungu akwai ɗan akwati mai lamba, ka taɓa shi gida duka ya ɗauki sanyi.

Ba zan ɓoye ba, na yi fankama da kilim ɗin nan. Duk wanda ya zo daga Maradi sai na zaunar da shi a falo, in taɓa akwatin kamar ban damu ba, in koma gefe ina jiran ya yi magana.

Da cikin matata ya kai wata bakwai, mahaifiyarta ta aiko cewa a mayar mata da ɗiyarta gida ta haihu a gabanta, ta yi wanka, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Gaskiyarta ce, amma hankalina ya tashi. Daga nan zuwa Maradi ba tafiyar yini ba ce, ga hamada, ga iyaka, ga maganar takardu. Na san mata da suka tafi wanka da ciki, ba su samu dawowa ba sai da yaron ya fara gudu. Na tura wana ya je ya durƙusa ya roƙa. Bayan an kai ruwa rana, surukata ta yarda ita ta zo. Amma ta kafa sharaɗi: za ta duba zaman da idonta, in bai yi mata ba, da zarar mai jego ta iya zaman mota za ta wuce da su gida. Na ce na yarda, ina dariya a zuciyata. Wace tsohuwa ce za ta shigo gida irin wannan ta ce bai yi mata ba?

Ta iso cikin watan Yuni da buhunan gero, da kanwa, da yaji, da busasshen ganyen dogon yaro. Ranar da ta sauka ta ɗaura zane a tsakiyar lungu ya zama labule. Daga labulen zuwa ciki, ɗakuna biyu da banɗaki da ɗakin girki, nasu ne. Ni kuma falo da ɗan ɗakin gaba, da bayin tsakar gida. Kullum da safe in durƙusa a bakin labule in gaishe ta, ta amsa daga ciki da murya ƙasa-ƙasa, shi ke nan maganarmu ta ƙare sai gobe. Haka ake yi tsakanin suruki da suruka, kuma ban taɓa jin abin ya takura mini ba. Kwana goma da zuwanta aka haifi yarinyar.

Ni kuwa sai na ga lokacin nuna karamci ya yi. Zafin Tamanrasset bai kai na Maradi ba, amma gidan siminti da azahar ba wasa ba ne. Na sauke lambar akwatin ƙasa yadda ban taɓa yi wa kaina ba, na bar injin yana aiki dare da rana, don baƙuwa ta ji daɗi.

Kwana uku da haihuwa na lura iskar falo ta rage ƙarfi. Hidimar suna ta hana ni dubawa. Washegarin suna na dawo daga kasuwa na tarar injin yana ta gurnani amma ba abin da yake fitowa, ga ruwa yana ɗiga daga rufin lungu. A ranar ce kuma matata ta leƙo ta gefen labule, idonta a ƙasa.

"Inna ta ce ka hwara neman mota," in ji ta. "Wuri biyu. In mun yi kwana ashirin mu tahi, mu ƙarasa arba'in gida."

"Mi ya hwaru? Mi na yi?"

"Ta ce gidan bai karɓi mai jego ba."

Ta saki labule. Na tsaya ina kallon ruwan da yake ɗiga, nan take na yanke hukunci cewa zafi ne. Kilim ya lalace, tsohuwa ta ji zafi, za ta tafi mini da mata da ɗiya. Saura kwana goma sha biyu. Na ce ko da tsiya sai injin nan ya tashi.

Na aro tsani, na ture murfin da ke rufin lungu ta ɓangarena, na haska da waya. Abin da na gani ban taɓa zaton ganinsa a garin nan ba. Cikin injin duka ya zama dunƙulen ƙanƙara, fari fat, har bututun jan ƙarfe ya yi kauri kamar damtsen mutum. Na sauko na ɗauko wuƙar yankan albasa na koma na fara sassaƙa. Allah ya taimake ni hannuna ya ƙage kafin in yi nisa.

Maƙwabcin shagona ya haɗa ni da wani mai gyara, Buzu mutumin Agadez, dogo, mai magana a hankali kamar ba ya son kalmomi su ƙare. Ya zo da jakarsa a taksi, ya hau tsani, ya daɗe yana kallo. Da ya sauko sai ya miƙo mini hannu.

"Ba ni wuƙar."

"Wace wuƙa?"

"Wadda ka yi wa injin kaciya da ita. Maigida, da ka ƙara taƙi ɗaya da ka huda bututu, gas ya tahi, da yanzu wata magana muke yi."

Ya koya mini abin da har yau nake koya wa mutane. Ƙanƙarar kilim ba a fasa ta, ba a zuba mata ruwan zafi. A kashe sanyin, a bar fanka kaɗai tana kaɗawa, a jera robobi a ƙasa, a yi haƙuri. Muka zauna a falo na dafa shayi, ruwa yana ɗiga ɗis, ɗis, har la'asar. Ya ce inji yana daskarewa ne in iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata, ko in gas ɗinsa ya ragu. Da ƙanƙara ta narke ya zaro ragar da take tace ƙura, muka wanke ta a tsakar gida, ta zubar da laka ja. Ya hau soro ya ɗaura agogonsa na awon gas a bututu, ya ce gas lafiya lau. Ya saurari fanka, ya ce ita ma ba ta da laifi. Muka kunna, sanyi ya sauko. Ya gargaɗe ni kada in sauke lamba ƙasa sosai. Na ce to. Yana fita na sauke ta, don in rama wa baƙuwa kwanakin da ta sha zafi.

Kwana biyu injin ya sake daskarewa. Na narkar da shi da kaina yadda aka koya mini, na sake wanke raga wadda ba ta da datti ko kaɗan. Bayan kwana biyu ya kuma. Shago na bar wa maƙwabci, ni kullum ina kan tsani da roba a hannu. Ina jin kukan jaririya ta bayan labule, ina ƙidaya kwanaki. Direban da na yi wa magana, don ba ni da ikon ƙin bin umarnin suruka, ya aiko cewa ranar Lahadi za su ɗaga. Raina ya ɓaci da injin, da Balaraben da ya sa shi, da wanda ya ƙera shi ma.

Na sake kiran Buzu. Wannan karon bai taɓa jakarsa ba. Ya ɓalli ɗan guntun ƙanƙara da yatsa, ya riƙe shi a tafin hannu har ya narke.

"Maigida, garin nan in ka shanya riga, kafin ka juya ta bushe. Ƙanƙara kuwa ruwa ce. Ina injin nan yake samun ruwa haka?"

Na ce ni ma abin da nake tambaya ke nan, alhali ban taɓa tambaya ba.

"Sai na ga kowace taga da iska take hita," in ji shi. "Da babbar da injin yake shaƙa ta cikinta. Tana ina?"

Babbar tana can ƙarshen lungu, ƙasa-ƙasa, daura da ƙofar banɗaki. Wato bayan labule. Na ce masa ba zai yiwu ba, surukata tana ciki, ni ban taɓa ƙetare zanen nan ba tun da aka ɗaura shi. Ya dube ni, gefen rawaninsa yana motsi, na san dariya yake yi.

"Kai ne surukinta. Ni mai gyara ne."

Na kira matata na faɗa mata. Aka yi 'yan shirye-shirye a ciki, sannan aka ce ya shigo. Ya yi sallama ya shige, ni na tsaya a bakin labule kamar wanda ya rako wani asibiti. Ina jin yana gaishe da tsohuwa, tana amsa masa da sakin fuska irin wanda ni ban taɓa samu ba, har da tambayarsa mutanen Agadez. Ya fi rabin awa. Da ya fito yana goge baki, an ba shi kunun kanwa ya sha. Ya nuna mini sama da haɓa, muka hau soro.

A can ya zayyana mini. Kowace tagar iska a ɗakunan ciki an cusa mata zane an danne, ta ɗakin mai jego har da matashin kai aka ɗaure a kai da igiya. Babbar tagar shaƙa kuwa an jingina mata katifa, an tokare da buhunan gero, saura 'yar kafa kamar faɗin hannu. A gindin kafar nan aka girke manyan tukwane biyu a kan gas, ruwan wankan jego yana tafasa safe da yamma, ƙofar banɗaki a buɗe, tagogin waje duk a rufe. A gida a bayan ɗaki ake dafa ruwan nan da itace, tururi ya bi iska. A nan ba inda za shi sai cikin injina.

"An toshe mishi hanci," in ji Buzu, "ɗan abin da yake shaƙa kuma tururi ne. Kai kuma kana ta ce mishi ya ƙara sanyi. Ko ni ne sai in daskare."

Abin da na fara ji haushi ne, ba zan yi ƙarya ba. Kwana nawa ina hawa tsani kamar biri, ashe a cikin gidana ake kwance mini aiki! Na sauko fuu, na kira matata tsakar gida inda ba za a ji mu ba. Ta fito da ƙyar, ta naɗe kanta da mayafi biyu cikin wannan rana.

"Kin san da zannuwan nan?"

"Na sani."

"Wa ya sa su?"

"Inna. Bokiti take kihewa ta hau."

Tsohuwar nan ta haura sittin, gwiwarta ma ba ta da lafiya, da ƙyar aka sauko da ita daga mota ranar da ta zo.

"Tsoro take ji," in ji matata. "Ta ce in sanyi ya shigi mai jego ba ya hita har tsuhwa. Ƙanwarta haka ta kumbura bayan haihuwa, ba ta tashi ba. Ta gama gasa ni da ruwan zahi, in hito, iskar ga ta bugo ni. Ba ta barci, tashi take tana taɓa ƙahwahuna."

"To mi ya hana a hwaɗa mini? Yatsa ɗaya zan sa in kashe shi!"

"Na ce mata in hwaɗa maka. Ta ce in na yi ba ta yahe ba. Wai ta yaya za ta shigo gidan suruki ta ce ya kashe abin da ya kunna don girmama ta? Gara ta ɗauke ɗiyarta ta tahi." Ta ɗago ta dube ni. "Ni ma na ga yadda kake son abin nan. Kowa ya zo sai ka nuna mishi."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ni ina ƙara sanyi don kada ta tafi, ita tana shirin tafiya saboda sanyin, kuma kowannenmu yana ganin ladabi yake yi wa ɗayan. Ko sanyin inji yana shiga jikin mai jego, ko ba ya shiga, ban sani ba har yau. Ungozomar asibiti ma cewa ta yi a rage zafin ruwan, kada a cika kanwa. Amma tsoron tsohuwar nan na gaske ne, kuma a gidana ta kwana da shi fiye da sati biyu ban sani ba.

Na koma soro. Buzu ya ce gyaran mai sauƙi ne: a janye katifa, a fitar da tukwane tsakar gida, shi kuma ya rufe bututun ɗakunan ciki daga sama, ni in sha sanyina a falo. Na yi tunani. Kafin a janye katifar sai an ce mata ita ce ta jawo, sai ta san an gani, an kuma faɗa wa suruki. Matar da ta gwammace ta ratsa hamada da jaririya a kan ta ce mini in kashe inji, in ta ji wannan ko Lahadi ba za ta jira ba.

"Kashe shi gaba ɗaya," na ce. "In mun sauka ka ce ya mutu, sai an kawo wani ƙarfe daga arewa. Ka ɗaga murya."

"Ni ba na cewa ya mutu, don bai mutu ba. Gobe a ce na yi gyara na kasa." Ya ɗan yi tunani. "Amma ya gaji, wannan gaskiya ne."

Ya sauke makunnin da ke jikin injin soro. Muka sauko lungu, ya tsaya daf da labule, mutumin da ba a jin maganarsa sai an matso, ya buɗe murya kamar mai shela.

"Maigida, injin nan ya gaji! Kada a kunna shi sai ya huta wata guda. Ko taɓa akwatin nan kada ka yi!"

"To, ya za a yi," na amsa da ƙarfi. "Haka Allah ya so."



Gidan ya yi tsit yadda na manta yana yi. Da azahar falo ya zama tanda, ga tururin tukwane yana ratso labule da ƙamshin dogon yaro. Na mayar da shimfiɗata tsakar gida, ina yini a shago har magariba. Washegari na ga zannuwa biyar a kan igiya an wanke, da matashin kai an shanya shi a kan katanga. Na wuce kamar ban gani ba. Maganar mota kuwa ba a tayar ba, ba a kuma janye ba. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Direba ya kira sau biyu yana son ya san ko ya ba wasu wurin. Na kasa tambayar matata, don ina tsoron amsar.

Ranar Asabar da safe na durƙusa a bakin labule na yi gaisuwa kamar kullum. Ta amsa. Na yunƙura zan tashi sai na ji ta yi gyaran murya. Ba da ni ta yi magana ba, da ɗiyarta ta yi, amma yadda zan ji.

"Ki hwaɗa mishi ya sallami mai motar nan. In mun yi arba'in ya kama mini wuri guda." Ta ɗan tsaya. "Kuma ki miƙa mishi ɗiyar ga ya riƙe. Ni zan duba ruwa."

Na ji takunta tana jan ƙafa har ɗakin girki, inda aka mayar da tukwanen, na ji ta turo ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun da aka haifi yarinyar ban ɗauke ta ba in ban da ranar da na yi mata huɗuba a kunne, don ɗan fari ba a rungumarsa a gaban manya. Labule ya ɗaga, matata ta sa mini ita a hannu, a naɗe cikin zane uku, jikinta ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Na zauna a ƙasa a cikin lungun, gumi yana bin bayana. Ina jin ruwan yana tafasa tun ɗazu, ba abin da za a duba a cikinsa, amma tsohuwar ba ta fito ba sai da yarinyar ta yi barci a hannuna.